Haƙori lafiya lau, ciwo ya ƙi tafiya: matakan da za a bi kafin a yarda a cire wani

Goggona, ƙanwar mahaifina da ke zaune a Garwa ta ƙasar Kamaru, tana da wani kwalin ashana da take ajiye da shi a ƙasan adaka. Haƙora huɗu ne a ciki, duk nata, duk na ƙasa ta gefen hagu. Na farkon ya cancanci cira, don kogo ya riga ya cinye rabinsa. Sauran ukun kuwa in ka ɗora su a tafin hannu fes suke, ko ɗigon baƙi babu. Ɗaya bayan ɗaya aka fitar da su cikin shekara biyu, kowanne da alkawarin daga shi an gama. Sai ciwon ya lafa sati biyu ko uku, sannan ya dawo ya tare a na kusa. Da aka zare na huɗun, sai ya zauna a dasashin da ba komai a kansa.

Ni ne mai goya ta a babur duk wannan yawon, don haka abin da zan faɗa a nan na koye shi ne a kan bencin jira da kuma bakin likitocin da suka yi haƙurin yi mana bayani. Ga wanda ciwon haƙori ko na baki ya wuce masa wata 3, an duba an ce ba a ga komai ba, ko an cire haƙorin ciwon bai bi shi ba, ga yadda nake ganin ya kamata a tafi.

Kafin komai: alamun da ba a kwana da su

Akwai ciwon da bai shiga wannan dogon lissafi ba, asibiti ake nufa da shi a ranar. Kumburi a ƙarƙashin haɓa ko muƙamuƙi mai tauri kamar katako, tare da zazzaɓi, haɗiyar yawu ta yi wuya ko baki ya ƙi buɗuwa: wannan mugunya ce ke yaɗuwa, tana iya toshe maƙogwaro. Ciwon muƙamuƙi da ke tasowa in an yi sauri ko an ɗauki kaya, da nauyin ƙirji, gumi ko haki, ya lafa in an huta: zuciya ce ake zargi, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Gyambon baki ko na harshe da ya haura sati 3 bai warke ba, ko leɓen ƙasa da haɓa su mutu haka kawai kamar an yi musu allura, dole a duba ko ba daji ba ne, balle ga mai cusa garin taba a leɓe. Wanda ya haura shekara 50 da sabon ciwon kai a gefen goshi, muƙamuƙi na gajiya in yana tauna, ido na dishi-dishi, shi ma kada ya jira.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to a natsu. Irin wannan ciwo yana gallaza wa mutum, amma gaggawar da yake sa mutane ita ta fi yin ɓarna.

Abin da ya sa haƙori ke ɗaukar laifin wani

Duk abin da fuska ke ji, jijiya guda ce a kowane gefe ke kai labarinsa ƙwaƙwalwa. Ita ce ta 5 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare, likitocinmu masu Faransanci suna ce mata trijumeau saboda reshenta uku. Reshe ɗaya na goshi da ido, na biyu na kunci da hanci da haƙoran sama, na uku na muƙamuƙi da gaban harshe da haƙoran ƙasa. Saƙonnin nan duka a tasha ɗaya suke haɗuwa kafin su wuce sama, shi ya sa ƙwaƙwalwa kan rikita adireshi. Naman kunci ne ya gaji, sai ta ce turmin haƙori ne. Kogon hanci ne ya cika, sai ta ce haƙoran sama ne. Wani lokacin kuma jijiyar da kanta ce ta samu rauni, ta riƙa aika saƙon ciwo alhali ba abin da ke taɓa ta, kamar ƙararrawar da makunninta ya maƙale.

Mutumin da aka yanke wa ƙafa yakan ji yatsun da babu su suna yi masa zugi. Haƙori ma yana yin haka. Wannan ne ya samu Goggo.

Mataki na ɗaya: rubuta ciwon na sati biyu

Na san wani zai ce mai ciwo ina ya ga ta rubutu. To a samu ɗa ko jika ya riƙe biro. Wannan takarda ta fi hoto amfani a wurin likitan da ya san aikinsa, don yawancin ciwukan da zan ambata a ƙasa ba sa fitowa a hoto, da labari ake kama su.

Hausa tana da kalmomin da ake bukata, mu ne muke zubar da su a ƙofar likita. Zugi daban, raɗaɗi daban, suka daban, sara daban, ƙuna kamar an zuba barkono daban, fizga kamar wutar lantarki daban. Na sha ganin tsohuwa ta yi bayani mai tsawo da Hausa ko Fillanci, yaron da ke yi mata tafinta ya juya ya ce wa likita da Faransanci tana jin ciwo, shi ke nan. An zubar da rabin binciken ke nan. In kai ne tafinta, ka faɗi kalmar da ta faɗa, in babu irinta a Faransanci ka kwatanta.

A kowace rana a rubuta lokacin da ya tashi, da sallah aka fi saurin tunawa: bayan asuba, kafin la'asar, tsakar dare. A rubuta tsawonsa, daƙiƙoƙi ne ko mintuna ko yini guda. A ba shi maki daga 0 zuwa 10. A rubuta abin da ya tayar da shi: ruwan randa, shayi mai zafi, tauna, sujada, alwala, iskar babur, magana, ɓacin rai. A rubuta ko yana tayar da mutum daga barci, da kowace ƙwaya da aka haɗiya da abin da ta yi. Sannan a tuno ranar da abin ya fara, me aka yi a baki kafin nan: ciko, cira, allura, faɗuwa, mura mai tsanani, ko ƙuraje masu ruwa a fuska.

Mataki na biyu: a yi wa haƙorin bincike na gaskiya

Akasarin ciwon baki daga haƙori yake ko dasashi, wannan ba a musu. Don haka kafin a ce jijiya ce, sai an tabbatar an duba da kyau, a wurin likitan haƙori mai takarda. Leƙa baki da fitilar waya ba bincike ba ne. Ga abin da ya kamata ka ga an yi.

Zai ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya-ɗaya da gindin madubinsa. Zai ɗora auduga mai sanyi ƙarara a kan kowanne: lafiyayye yakan ji ya saki nan take, wanda ɓargonsa ya kumbura yakan riƙe zafin ya daɗe, mataccen ba ya jin komai. Zai zura siririn ƙarfe tsakanin haƙori da dasashi ya ga ko akwai rami. Zai ɗauki ƙaramin hoton haƙorin har saiwarsa, abin da muke kira radiyo, in ya ga dama ya sa a yi babban da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya, wato fanoramik. Zai duba haƙorin ƙarshe na can ƙurya, wanda kan fito tsakanin shekara 17 da 25, don yakan maƙale a ƙarƙashin nama ya riƙa tara ƙazanta.

Abu biyu ake yawan tsallakewa, ka roƙa a yi. Na farko gwajin cizo. Haƙori kan tsage tsagar da ido ba ya gani, hoto ma sau da yawa ba ya nunawa. Mu da muke cin karo da tsakuwa a shinkafa da wake, muna fasa ƙashi, muna tauna ƙanƙara lokacin zafin Maris da Afrilu, wasu har kwalba suke buɗewa da baki, ba mu rasa irin wannan. Alamarta suka ce mai kaifi in an ciji abu mai tauri, musamman daidai lokacin da aka saki cizon. Likita zai ba ka wani abu ka ciza a kowane ƙoƙon haƙorin har a gano wurin. Wannan ciwo na haƙori ne na gaske, maganinsa kuma a haƙorin yake: ciko, ko hula, ko kashe jijiyarsa.

Na biyu gwajin allura. A yi wa haƙorin da ake zargi allurar kashe zafi shi kaɗai, a jira mintuna. In ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, zargin ya ƙara ƙarfi. In leɓe ya mutu, dasashi ya mutu, ciwon kuma yana nan daram, to ba a nan gizo ke saƙa ba, cire haƙorin ba zai kawo komai ba sai giɓi. Ranar da aka yi wa Goggo wannan gwajin, likitan ya tambaye ta, "Hajiya, yanzu fa?" Ta taɓa leɓenta ta ce, "Leɓen dai ba nawa ba ne, ɗan nan, amma abin yana nan inda yake." Ya ajiye kayan aikinsa ya ce yau ba za a cire komai ba. Ranta ya ɓaci, don ta zo ne da niyyar a rabu da na biyar.

Ƙa'idar da na riƙe tun daga ranar ita ce kada a yarda da aikin da ba ya komawa baya, cira ko kashe jijiya, sai likita ya nuna dalili a hoto ko a gwaji, dalilin kuma ya yi daidai da labarin da ke takardarka. Laifin ba na masu cirewa ba ne su kaɗai. Mu ma muna matsa musu, mutum ya yi tafiyar awa uku daga ƙauye, ya ce ba zai koma da haƙorin nan ba.

Mataki na uku: a duba maƙwabta

Naman tauna shi ne babban mai ɓoye hannu. Ka ɗora yatsu a kuncinka ka cije, naman da ya taso shi ne. Akwai wani kuma a gefen goshi sama da kunne. In sun gaji, na kunci yakan jefa ciwo turamen haƙora, na gefen goshi ya jefa haƙoran sama. Ciwon mai nauyi ne, ba shi da kaifi, yana ƙaruwa bayan doguwar tauna, ko da safe ga mai cin haƙora a barci. Ka tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko yana jin ƙarar gurzar haƙora da dare. Ka danna naman da ƙarfi na ɗan lokaci, in ciwon haƙorin da ka sani ya taso, ka kama ɓarawo. Ka kuma gwada jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba, lafiyayyen baki yakan ɗauke su, kimanin milimita 40 ke nan.

Maganin wannan ba shi da tsada, haƙuri yake ci. A ajiye kilishi, rake, cingam, soyayyen nama mai tauri da goro na sati biyu zuwa huɗu, a koma kunu, fate, tuwo mai laushi da kifin Binuwai. A gasa kuncin da tsumma mai ɗumi minti 15, safe da yamma, a murza shi a hankali. A lura da baki da rana: in ba ci ake yi ba, leɓɓa a rufe, haƙoran sama da na ƙasa kada su taɓa juna. Masu tuƙin babur da masu ɗinki da yawa suna yini a cije ba su sani ba. Likita na iya yin robar da ake sawa a haƙora da dare.

Kogon hanci shi ne na biyu. Saiwoyin turamen sama suna dab da kogon da ke cikin ƙashin kunci. Lokacin hunturu, in ƙura ta lulluɓe Marwa da Kusuri, mura ta toshe kogon, sai haƙora biyu ko uku na sama su ɗauki ciwo tare. Alamar da ta fi fitowa fili a wurinmu ita ce ciwon ya ƙaru a ruku'u da sujada, da majina mai kauri, da nauyi a ƙarƙashin ido. Likitan hanci da kunne ake nema a nan.

Sauran a gurguje. Ciwon ɓarin kai yakan sauko fuska ya zauna a haƙora, da tashin zuciya da ƙin haske, ya yi awoyi ya tafi. Mai sikila yakan ji ciwon haƙori ko muƙamuƙi ba tare da kogo ba, don jinin da ke toshewa a ƙashin ƙafa yana toshewa a nan ma, sai a gaya wa likitan haƙori tun kafin ya taɓa komai. Ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a gefe guda, waɗanda ake kira zona, ƙwayar ƙarambau ce ke farfaɗowa, kuma in sun fito a fuska sukan bar ƙuna watanni bayan fata ta warke.

Mataki na huɗu: in jijiyar ce da kanta

Iri uku aka fi gani, kuma rarrabe su yana da muhimmanci don maganinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne mai fizga kamar lantarki. Yana zuwa farat ɗaya a gefe guda, daga ƙiftawar ido zuwa minti 2, ya ɗauke, ya sake dawowa. Abin da ke tayar da shi ba ya kai ya kawo: wanke fuska a alwala, asuwaki, aski, iskar fanka, murmushi. Mai shi yakan daina wanke wannan gefen, ya riƙa magana da rabin baki, ya rame don tsoron tauna. Ya fi kama waɗanda suka haura 50, mata sun ɗan fi maza. Wani likitan Faransa, Nicolas André, ya siffanta shi tun 1756. Sau da yawa wata jijiyar jini ce ke danne jijiyar fuskar a inda take fitowa daga ƙwaƙwalwa. Farasitamol da dangoginsa ba sa taɓa shi. A takardar likita za ka ga an rubuta névralgie du trijumeau. Ana son a yi hoton ƙwaƙwalwa na IRM, musamman in mai shi matashi ne, ko ciwon na gefe biyu, ko akwai wurin da ya mutu a fuska, don a tabbatar ba ƙari ne ke danne jijiyar ba.

Na biyu shi ne irin na Goggo. Ciwo ne mai zurfi, mai nauyi, wani lokaci da ƙuna, a haƙori ɗaya ko a gurbin da aka cire. Kusan kullum yana nan, sanyi da zafi ba su cika canza shi ba, kuma sau da yawa yana barin mutum ya yi barci, da an farka ya dawo. Rabe-raben ciwukan baki da fuska na duniya da aka fitar a 2020 ya sa masa iyaka: fiye da awa 2 a rana, fiye da wata 3, bincike da hoto ba su nuna dalili ba. Sau da yawa yana biyo bayan aikin haƙori ne. Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya tattara bincike da dama, ya samu kimanin mutum 5 cikin 100 suna da ciwo wata 6 bayan an kashe musu jijiyar haƙori, kuma fiye da rabinsu ciwon ba daga haƙorin yake ba. Kowace sabuwar cira sabon rauni ne ga jijiyar da ta riga ta harzuƙa, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Na uku shi ne ƙunar baki. Harshe, musamman bakinsa, da leɓɓa da ganɗa suna zafi kamar an kurɓi shayin da bai huce ba, a duba kuma ba a ga komai. Ya fi samun matan da al'ada ta ɗauke musu. Yakan fara da sauƙi da safe ya tsananta da yamma, abin mamaki kuma cin abinci kan lafar da shi. Kafin a ce jijiya ce, a auna jini: ƙarancin sinadarin ƙarfe, bitamin B12 da folik asid, da suga. A duba farin kumfar nan da ke kama harshe, da bushewar baki, da magungunan da ake sha, don wasu na hawan jini irin su kaftofiril suna haddasa shi. In an samu ɗaya daga ciki aka gyara, sau da yawa ƙunar kan tafi.

Mataki na biyar: magani, da yadda ake zama da shi

A nan ne mutane da yawa ke yanke zumunci da likita. Ka je da ciwon haƙori, ka kai takarda farmasi, mai sayarwa ya ce maka ai wannan na farfaɗiya ne, ko na masu damuwa ne. Goggo ta ajiye nata kwana goma ba ta sha ba, tana cewa likitan ya mayar da ita mahaukaciya. Magungunan nan aikinsu kwantar da jijiyar da ke harbi ba dalili, shi ya sa ake amfani da su a nan, galibi a ƙaramin awo.

Ga mai fizga kamar lantarki, karbamazefin ne na farko, wanda aka fi sani da Tegretol. Akan fara da miligiram 100 sau ɗaya ko biyu a rana, likita ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Yakan yi aiki cikin kwanaki. Yana kawo jiri da barci, yana iya rage gishirin jini, don haka ake auna jini lokaci-lokaci. In ƙuraje suka feso a jiki, ko baki da ido suka yi gyambo, ko zazzaɓi ya zo a makonnin farko, a koma asibiti a ranar. Yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau, yana kuma da haɗari ga mai ciki, don haka a faɗa wa likita gaskiya ko da nauyi. In magani ya gaza, akwai tiyatar da ake raba jijiyar jinin da ta fuskar, aikin likitan ƙwaƙwalwa ne.

Ga ciwon da ke zaune kullum, akan fara da amitiriftilin, wato Laroxyl, miligiram 10 zuwa 25 da dare. Shi ba ya nuna kansa da wuri, sai an yi sati 2 zuwa 6. Bushewar baki da nauyin jiki da safe su ke fara zuwa kafin amfanin, a nan ne mutane ke jefar da shi. A sha shi bayan isha'i maimakon dab da kwanciya, nauyin asuba yakan ragu. Mai ciwon zuciya, mai hawan ruwan ido, dattijon da fitsari ke yi wa wuya, sai likita ya auna tukuna. In bai karɓi mutum ba akwai gabafentin da firegabalin. Duk cikinsu babu wanda ake dainawa rana ɗaya, a hankali ake sauka. Awon da na faɗa don ka gane takardarka ne, likita ne mai yanke shi.

A kuma san abin da ake nema. Ga irin ciwon Goggo, in maki 8 ya koma 3 ko 4, mutum ya ci, ya yi barci, ya je biki, an ci nasara. A ci gaba da rubutun nan, don ragin da ke zuwa a hankali mai shi ba ya lura da shi sai ya waiwayi takarda. Rashin barci da damuwa suna ƙara wa jijiya kaifi, ciwon kuma yana ƙara damuwar, suna ciyar da juna. Faɗin haka bai mayar da ciwon ƙarya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba abin da ya fi ƙona ran mai wannan lalura irin 'yan gida su fara cewa raki ne.

Ƙananan dabaru suna taimakawa: alwala da ruwan ɗumi, rufe fuska da mayafi ko rawani a kan babur, buroshi mai laushi, tauna ta ɗaya gefen. Kada dai a daina wanke baki don tsoro, in ba haka ba kogo na gaske zai zo ya haɗu da ciwon jijiya.

Teburin magani na bakin kasuwa

Dole in tsaya a nan, don duk mun bi ta wurin. Tiramol, wanda kowa ya san yadda ya yi wa samarinmu a Garwa da Marwa, yana dusashe ciwon na awoyi, sannan jiki ya saba ya nemi ƙari. Haɗa shi da amitiriftilin yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Dikulofenak da ibufurofen na watanni suna huda ciki suna taɓa ƙoda, kuma ba sa yi wa ciwon jijiya komai. Farasitamol kada babba ya wuce giram 4 a yini, ƙasa da haka ya fi ga tsoho da mai ciwon hanta. Amoksisilin da ake haɗiya duk lokacin da ciwo ya motsa ba shi da abin kashewa in babu mugunya. Asfirin da ake dannawa a dasashi yana ƙona naman ya bar farin gyambo. Ruwan batir, fetur da man birki kuwa, na ga bakin da aka zuba wa, ba na fatan in sake gani.

Kanumfari yana ɗan kashe zafi na ɗan lokaci, man da ke cikinsa likitocin haƙori ma suna amfani da shi, amma in ya yi yawa yana ƙona dasashi. Kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi ba ya cutarwa. Tsutsar da mai turare ke nuna maka a cikin kwano, babu ita a haƙori. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, Goggo ta haɗa duka.

Inda za a nufa, da abin da za a riƙe

A fara da sashen haƙori na babban asibitin jiha, a Garwa ko Marwa ko Gaundare. In binciken haƙori ya fita fes, a nemi takardar turawa zuwa likitan jijiyoyi, ko na hanci da kunne, gwargwadon abin da labarin ya nuna. A tambaya tun a nan inda ake yin IRM mafi kusa kafin a kama hanya. In ta kama sai Yawunde, jirgin ƙasa na dare daga Gaundare shi ne sananniyar hanya. Mutanen Kusuri kuwa gadar Ngeli kawai ke tsakaninsu da manyan asibitocin Injamena.

A tafi da karne, wato littafin asibiti, da duk hotunan da aka taɓa ɗauka ko sun tsufa, da kwalayen magungunan da aka sha har na tebur, da takardar sati biyun nan. A tsaya wa likita ɗaya ya bi lamarin na wasu watanni, don duk sabon likita daga farko yake farawa, farkon kuma sau da yawa filaya ce. Tambaya uku nake yi wa duk wanda ya ce a cire: me ka gani a haƙorin nan, nuna mini, in an cire ciwon bai tafi ba, sai me, akwai abin da za mu rasa in mun jira wata guda?

Mun tafi da kwalin ashanar ma. Likitan ya juye haƙoran a kan farar takarda, ya jujjuya su da bakin biro, ya ware guda ɗaya gefe, ya daɗe yana kallon ukun. Yanzu Goggo tana shan ƙwayarta bayan isha'i, makinta yana yawo tsakanin 2 da 4, ranar da hazo ya sauko ya kai 5. An yi mata haƙoran roba na wannan gefen, ba ta cika sawa ba sai za ta fita unguwa, ta ce suna hana ta jin daɗin dakuwa.